Gona da Burtali: Ina Alƙalumanmu Suka Shiga?

'Yan'uwa marubuta, kwanakin baya na tambayi ɗalibaina a wata sakandare da ke Tarauni ma'anar burtali. Duk ajin ya yi tsit, alhali kakanninsu sun san lokacin da yankin nan, har da Gyadi-Gyadi, gonaki ne a bayan ganuwa. Ban ga laifinsu ba. Littattafan da muke rubuta musu ne suka yi shiru.

Mu leƙa ƙasar Ailan. Daga 1906 zuwa 1909 talakawa marasa gona sun riƙa kore shanun masu manyan makiyayu da daddare, su watsa su a kan hanya, don a tilasta raba filayen. Ɗan majalisa Laurence Ginnell ne jagoransu. Wannan kwaɗayin ƙasa ya shiga adabinsu. A wasan kwaikwayon John B. Keane, The Field (1965), Bull McCabe ya shafe shekaru yana gyaran filin wata gwauruwa da yake haya. Da baƙo ya zo saye, sai ya kashe shi, mutanen gari kuma suka kama bakinsu. Keane bai mayar da Bull dodo ba. Za ka ji zafin zuciyarsa, ka kuma ƙyamaci aikinsa. Nan ƙarfin wasan yake.

To, mu fa? Cyprian Ekwensi ya gwada a Burning Grass (1962), inda ya bi Mai Sunsaye da ciwon yawonsa na sokugo. Ya zana rugar Bafillace da kyau, amma manomi bai samu baki ba. Littattafan soyayya na Kano kuwa, akasarinsu ƙauye wurin da ake gudu ne daga auren dole.

Ba rashin abin faɗa ba ne. Ga dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 da yadda gonaki suka cinye burtalai. Ga Toda ta jihar Maradi, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da ɗari a 1991. Ga abin da Zamfara ta gani.

Shawarata ga masu tasowa: ku zauna da manomin da aka cinye wa gero, ku zauna da makiyayin da aka toshe wa mashaya, sannan ku ɗauki alƙalami. Kowa ya faɗi tasa a cikin labarin, kada marubuci ya yi riga malam masallaci wajen yanke hukunci. In mun yi shiru, jita-jita ce za ta ba 'ya'yanmu labarin.