Nauyin da Ya Koma Kan Mai Shago: Tsokaci a kan LXDE da Xfce

A shagunan buga takardu na Wurno, Rabah da Goronyo, tsohuwar kwamfuta ce jari. Shi ya sa nake yaba wa fuskokin Linux marasa nauyi, irin Xfce da Olivier Fourdan ya fara a 1996, da LXDE ta 2006, domin suna farfaɗo da injin da aka fid da rai da shi.

Sai dai nauyin da aka sauke wa inji, mutum aka aza wa. A LXDE, an daɗe sai an gyara fayil da hannu kafin a sauya aikin maɓalli. Xfce ta yarda da ɗan ƙarin nauyi, ta mai da wannan aikin dannawa kawai. Ita na fifita, don mai shago ba ya da lokacin ɓatawa alhali masu jiran takarda na tsaye.