Stevens da Katsewar Layin Modem

Littafin W. Richard Stevens, Advanced Programming in the UNIX Environment, ya fito a 1992, zamanin da ake shiga kwamfutar nesa ta layin tarho da modem. Layin kuwa yakan katse ba sallama. Abin da ya fi burge ni a littafin shi ne yadda ya bi sawun wannan katsewa daki-daki, bai ɗauke ta ƙaramin abu ba.

A mahaɗar RS-232 akwai siginar DCD, wadda modem ke shaida wa kwamfuta da ita cewa na can ɓangaren yana nan. Da ta ɗauke, direban tashar (terminal) zai aika siginar SIGHUP ga jagoran zaman, wato galibi manhajar da ke karɓar umarnin mutumin. Idan jagoran ya fita, sai SIGHUP ta isa ga ayyukan da ke gaba a tashar. Stevens ya nuna cewa tutar CLOCAL ce ke yanke hukunci: in an kunna ta, direba ba ruwansa da layukan modem, in an kashe, ko buɗe tashar ma sai ya jira a ɗaga kiran. HUPCL kuma ita ke sauke layin idan aiki na ƙarshe ya rufe tashar. Wannan ba wasa ba ne, domin zaman da ba a rufe ba, mai kira na gaba ne zai gaje shi, ya tarar da asusun wani a buɗe.

Ƙorafina biyu ne. Bayanin a warwatse yake, wani a babi na 9, wani a na 10, sauran a na 11, dole mai karatu ya harhaɗa da kansa. Sannan Stevens daga gefen mai rubuta manhaja ya tsaya, bai shiga cikin direban ba. Mai son ganin ciki sai ya nemi Linux Device Drivers na su Jonathan Corbet, bugun 2005.

Stevens ya rasu a 1999. Bugu na biyu da Stephen Rago ya sabunta a 2005 ya cire babi na 18, wanda ke gina manhajar buga kira ta modem. Na fahimci dalilin, amma duk mai gyaran na'urar da har yau ke magana ta RS-232, ina ba shi shawara ya nemi bugun farko.