Gwanin Nozul a Tamale

Duk motar da ta taso daga Kumasi za ta Paga, bakin iyakar Burkina Faso, sai ta bi ta Techiman da Kintampo ta ratsa Tamale. Titin N10 ke nan, ga tsawo, ga ƙurar hunturu, ga zafin watan Maris da kan kai digiri 40. Irin wannan hanya cin inji take yi. Shi ya sa ba wuya ka ga mota a garin tana yawo da injin da ba nata ba: an sauke na asali, an ɗora wani da aka sayo a Suame Magazine ta Kumasi ko Abossey Okai ta Accra, wani sa'in mafi girma, wani sa'in har da turbo. Ɗora inji kowane gareji na iya yi. Wanda zai zaɓa masa nozul ɗin da ya dace da shi kuwa ba kowa ba ne, kuma shi ne mutumin da nake jinjina wa.

Nozul, wanda wasu ke kira injekta, ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba. Kwamfutar mota ce ke aika masa da wuta, ya buɗe ya fesa fetur kamar hazo, ya rufe, sau dubbai a minti guda. Tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya sa irin wannan tsari na lantarki a motar Volkswagen 1600, daga baya ya ture kafireta gefe a kusan duk ƙananan motoci.

Samari masu son gudu kan zo da magana ɗaya: "Masta, a sa min manya, motar ta ja." Gwani ya san nozul ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Iskar da inji ke shaƙa ita ce ke yanke yawan man da zai iya ƙonawa: a aune, kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ɗan ƙara mai idan an taka totur har ƙasa. Damun koko ne, in ruwa ya yi yawa ya tsinke, in ya yi kaɗan ya cure. Sai an ƙara wa inji iska, da turbo ko da faɗaɗa hanyarta, sannan babban nozul ke da amfani.

Saboda haka lissafi yake fara yi, sau da yawa a bayan kwalin fulogi. Injin da ba turbo, kowane ƙarfin doki ɗaya na shan wajen cc 5 na fetur a minti. Mai turbo wajen cc 6. A ce ana neman ƙarfin doki 200 daga inji mai silinda 4. Dubu ɗaya ke nan, a raba huɗu, kowane nozul ya ɗauki 250. Amma ba ya tsayawa nan, don ba a barin nozul ya kasance a buɗe fiye da kashi 80 cikin 100 na lokacinsa, in ba haka ba ya yi zafi, feshinsa ya daina bin umarni. Sai ya nemi mai cc 320 ko 330. Idan da turbo ne ana son doki 250, lissafin ya haura wajen 470.

Kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada. Nozul ya yi wa inji girma, mota ta riƙa kakkarwa a tsaye, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka na ƙasa. Ya yi ƙanƙanta kuwa, abin ya fi muni, domin ba ya nuna kansa cikin gari. Sai an miƙe hanyar Bolgatanga da rana tsaka, an ɗauki kaya, an taka, sannan mai ya kasa isa, wuta ta yi yawa, inji ya fara ƙwanƙwasa, kan fistin ya narke.

Inda na fi son kallonsa shi ne wajen gwaji. Yakan ɗora bakin dogon sukundireba a kan nozul inji na aiki, ya kafa kunne a marikin, ya saurari "tik-tik-tik" ɗinsa. Wanda ya yi shiru ko yake tsallake bugu, ya kama shi. Sannan ya ciro su duka ya jera a na'urar gwaji, kowanne da kwalbarsa mai zanen awo a ƙasa. Ya kunna, ya durƙusa daidai da gilashin yana duban feshin: wannan hazo ne sumul, wancan tsartuwa yake yi gefe guda, na uku kuma yana ɗiga bayan an kashe. Bayan minti ɗaya ya dubi inda man ya tsaya a kowace kwalba. In ɗaya ta gaza 'yan'uwanta a fili, ba zai ɗaura su tare ba, ko da lamba ɗaya ce a jikinsu, ko da an rubuta Denso ko Bosch, don jabu ya cika kasuwa kuma tsohon nozul ba ya faɗin shekarunsa.

Akwai kuma mitar awon wuta. Nozul iri biyu ne ta fannin wuta: masu om 12 zuwa 16, su ne aka fi samu a motocin yanzu, da masu om 2 zuwa 4. Haɗa na biyun da kwamfutar da aka yi don na farko na iya ƙone ta, alhali soket ɗin ya shiga lafiya lau. Minti ɗaya da mita ya hana wannan asara.

Wasu kan ce a ƙara matsin mai kawai a huta da sayen sabbi. Gwani ya san iyakar dabarar. Adadin cc da ake rubutawa yawanci a matsin bar 3 ake auna shi. Ka ɗaga zuwa 4, abin da za ka samu ƙarin wajen kashi 15 cikin 100 ne kawai, ga famfon mai da ke cikin tanki ya ƙara shan wahala. Shi ya sa yake duba famfon da matatar mai kafin ya ce komai, balle a garin da ƙura ke shiga ko'ina. Kuma yana da gaskiyar da zai gaya maka cewa kwamfuta ba ta san an canza mata nozul ba, da awon tsofaffin za ta ci gaba da aiki sai an sake saita ta. In ba shi da kayan yin haka, yakan ce a bar na asali, ko da cinikin zai kuɓuce masa. Wannan ne ya fi burge ni a wurinsa.

Mai karatu, in za ka ɗora wa motarka wani inji ko turbo a Tamale, kada ka biya kuɗin nozul sai an gwada su a gabanka, an auna su da mita, kuma ka ji sunan wanda zai saita kwamfutar.