Jitar Stratocaster: Tsakanin Hannun Makaɗi da Akwatin Attajiri

Duk mai bibiyar tarihin kiɗan rock zai tarar ana ba da labarin jitar Fender Stratocaster kamar labarin takobin jarumi. Ana jero sunayen Buddy Holly da Jimi Hendrix da Eric Clapton da David Gilmour, sai ka ce ƙarfin yana cikin itacen ne. A wannan maƙala ina so in ƙalubalanci wannan salon bayar da tarihi, domin a nawa ganin ya juya wa asalin jitar baya.

Leo Fender, wanda ya fito da ita a shekarar 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya ta Amurka, mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba. Saboda haka tunanin mai gyara ya kawo wa aikin. Ya ɗaure wuyanta da gangar jikinta da noti huɗu, ta yadda in ya lalace sai a kwance a sa wani. Ya fafe bayanta don kada ta soki haƙarƙarin makaɗi, ya sa mata na'urorin ɗaukar sauti guda uku masu maganaɗisu, da ɗan ƙarfen da ake dannawa a karkaɗa amon tsirkiya. Kayan aiki ya ƙera, wanda za a yi da yawa, a kuma gyara cikin sauƙi.

Wannan sauƙin ne ya buɗe wa Hendrix ƙofa. Shi bahago ne, sai ya kife jitar 'yan dama, ya sake jera tsirkiyoyinta. A bikin Woodstock na 1969, lokacin da yaƙin Biyetnam ke ci, ya kaɗa taken ƙasar Amurka yana cusa masa kukan lasifika da rugugi mai kama da faɗuwar bama-bamai. Abin da injiniya zai kira aibu, shi ya mayar da shi magana. Ina ganin nan ne jitar ta kai ƙololuwarta, kuma hannu ne ya kai ta, ba tambarin kamfani ba.

Sai dai kasuwa ta karanta darasin a baibai. Bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965 kan dala miliyan 13, sai masu tara kaya suka soma fifita jitocin da aka ƙera kafin cinikin. A 2004 an yi gwanjon Blackie ta Clapton kan dala 959,500, alhali an harhaɗa ta ne daga sassan tsofaffin jitoci. A 2019 baƙar jitar Gilmour ta kusa kai dala miliyan 4. Gaskiya ne kuɗin duka biyun sun tafi ga ayyukan taimako, kuma wannan abin yabo ne. Amma ɗabi'ar da irin wannan ciniki ke koyarwa ita ce abin tsoro: har kamfanin kansa yana sayar da sababbin jitoci da aka kankare wa fenti da gangan don su yi kama da tsofaffi. Ana sayen tabon wahalar da ba a sha ba ke nan.

Magajin Fender na gaskiya, a wurina, yana wani wuri dabam. Mdou Moctar, Buzu daga Jamhuriyar Nijar, ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, kuma yau da Stratocaster yake zaga duniya, da hannun hagu kamar Hendrix, yana waƙa da Tamashek. Jitar da ke shan ƙurar bikin aure a Agadas ta fi wadda aka kulle a akwatin gilashi kusa da nufin maƙerinta. Saboda haka ya kamata marubuta tarihinta su rage ƙidayar daloli, su koma sauraren abin da hannaye suka faɗa da ita.