Daga Sarauniya Mai Takobi Zuwa Amaryar Marwa: Tarken Hoton 'Ya Mace a Ƙagaggun Labaran da Matasa ke Karantawa

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen labarin tarihi shi ne wanda marubuci ya gina a kan wani zamani da ya shuɗe, ya ɗauko wasu mutane ko abubuwan da suka auku da gaske, sannan ya cike gurbin da tarihi ya bari da ƙirƙirarsa. Irin wannan rubutu ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Daga cikin littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar, Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a wannan rukuni suke, kuma 'yan makaranta aka nufa da su. Sai dai taurarinsu maza ne. Macen da ta fi kowa ƙarfin hali a cikinsu ita ce mahaifiyar Umar, wadda ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta ƙetare hamada, amma marubucin bai ba ta bakin ba da labarinta ba.

Wannan takarda za ta dubi yadda ake gabatar wa matasa yarinyar da ta ƙi tsayawa inda al'umma ta shata mata iyaka. Za a taɓa labaran Amina da Sarauniya Mangu, sannan a tsaya a kan wani littafi daga arewacin Kamaru, domin a ga abin da kowane ɓangare ya samu da abin da ya kuɓuce masa.

2.0 Jaruma Mai Takobi

Idan aka ce wa ɗalibi ya kawo jarumar tarihi daga ƙasar Hausa, Amina ta Zazzau zai fara ambata. Abin da rubutattun madogara suka faɗa a kanta kuwa bai taka kara ya karya ba. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda (1421-1438), ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello ya kawo ta a cikin Infaƙul Maisuri. Wasu masana kuma a ƙarni na 16 suke ajiye ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan madogara da ya yi maganar ƙuruciyarta. Yarinyar nan da ake nuna wa yara tana wasa da makami, tana ƙin masu neman aurenta, daga bakin maruwaita da marubutan baya-bayan nan ta fito.

Ƙirƙira ba laifi ba ce a ƙagaggen labari, aikinsa ke nan. Abin tambaya shi ne irin abin da aka zaɓa a ƙirƙira.

Misalin da ya fi fito da matsalar shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani (1932-1993), wanda aka buga da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Wagadugu a 1987. Tushen labarin gaskiya ne: a watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Azna a yankin Dogonduci, mutanen Sarauniya Mangu kuma suka yi turjiya. Mamani, wanda ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba ne da ya sha gudun hijira, yana bukatar jarumar da za ta tsaya wa Nijar gaba ɗaya, don haka ya ƙera ta: ya ba ta tarbiyya a hannun namiji, ya koya mata makami da magani, ya sa ta gagari maza. Littafin yana da armashi, musamman inda yake nuna lalacewar rundunar Faransawa daga cikinta. Amma mai nazari zai lura cewa kalmar sarauniya a Lugu sunan muƙami ne na addinin gargajiya, wanda mata suka riƙe kafin Mangu, suka kuma ci gaba da riƙewa bayanta. Ke nan Mangu ba ta karya dokar mutanenta ba, kujerar da suka ɗora ta a kai ta tsare. Wanda ya koyar da littafin a matsayin labarin yarinyar da ta bijire wa al'adarta ya juya tarihin a baibai.

Illar wannan tsari ga matashiya mai karatu ita ce, jarumar ba ta zama abar yabo sai ta ajiye duk abin da ya haɗa ta da sauran mata. Ba ta da uwar da za ta ji kunya, ba ta da baffan da zai ba da ita, ba ta da kishiya. Yarinyar da ke aji uku a sakandaren Collire (Tcholliré a rubutun Faransanci) ko Garwa, wadda ake zancen kawo mata kayan sa rana, za ta yaba wa Amina, ta rufe littafin, ba ta tsinci komai da ya shafi halin da take ciki ba.

3.0 Munyal: Haƙuri a Matsayin Jigo

Djaïli Amadou Amal haifaffiyar Marwa ce, a 1975, kuma ita kanta an aurar da ita tana da shekara 17. Littafinta na uku, Munyal, les larmes de la patience, ya fito a Yawunde a 2017, ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019. Aka sake buga shi a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, ya kai cikin huɗun ƙarshe na kyautar Goncourt, sannan a watan Disamba na shekarar ɗaliban sakandaren Faransa suka zaɓe shi gwarzon tasu kyautar Goncourt ɗin. Ba labarin tarihi ba ne, ba kuma don matasa kaɗai aka rubuta shi ba, amma matasa ne suka ɗaga shi, wannan ne kuma dalilin kawo shi nan.

Zubin littafin kashi uku ne, kowanne da bakin mace ɗaya. Ramla 'yar shekara 17 tana son ta karanci haɗa magunguna, tana kuma da saurayi, Aminu, amma aka ba da ita ga attajiri Alhaji Isa. Hindu, 'yar ubanta, an yi mata auren zumunci da Mubarak, mashayi mai duka. Safira kuwa ita ce uwargidan Alhaji Isa, wadda aka yi wa kishiya da Ramla. Kalma ɗaya ce ta ɗinke kashin uku: munyal, wato haƙuri, ɗaya daga cikin ginshiƙan pulaaku na Fulani tare da semteende, wato kunya. Ɗalibin Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Kirk-Greene a Mutumin Kirki (1974) ya jera haƙuri da kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, kuma duk amaryar da aka kai ɗaki a ƙasar Hausa da nasihar "yi, na yi, bari, na bari" aka raka ta.

Gwanintar marubuciyar tana cikin maimaita wannan kalma har sai ma'anarta ta juye. A ranar ɗaurin aure, a bakin uba da baffanni, munyal nasiha ce. A lokacin da Hindu ta kawo kukan dukan da ake yi mata, aka mayar da ita da kalmar nan dai, ta zama hukunci. Ta gudu, aka dawo da ita, daga bisani hankalinta ya gushe. Kashin Hindu shi ne mafi nauyin karantawa, domin yana nuna cewa gudu ba kullum yake kai mutum tudun mun tsira ba, abin da labaran jarumai ba su cika yarda su faɗa wa yara ba.

Amma kashin Safira ya fi sauran daraja ta fuskar adabi. Da marubuciyar ta tsaya a kan 'yan matan biyu, da littafin ya zama ƙarar da aka shigar kawai: ga azzalumai, ga waɗanda aka zalunta. Safira ta rushe wannan sauƙi. Ita ma ba ta haƙura ba, sai dai rashin haƙurinta a kan Ramla ya sauka, ta hanyar malaman tsibbu da makirci da ɗauke kuɗin miji. Mai karatu da ya gama tausaya wa Ramla sai ya samu kansa a cikin zuciyar wadda ke cutar da ita, kuma ya ga dalilinta: tsoron wulaƙanta bayan shekaru da 'ya'ya. Har tafiyar Ramla daga gidan ta idon Safira ake ganinta. Wannan dabarar sauya mai ba da labari ita ce ya kamata ɗalibin da ke nazarin salo ya zura wa ido, ya kwatanta ta da Wa Zai Auri Jahila? (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, inda aka bi Abu ita kaɗai tun daga cire ta daga makaranta da aurar da ita ga Sarkin Noma har gudunta da neman iliminta. Balaraba ta ba tauraruwarta nasarar da za a iya gani. Amal ta hana mai karatu wannan kwanciyar hankali.

Littafin yana da rauni. Mazajen cikinsa kusan fuska ɗaya gare su, ba a cika shiga zuciyarsu ba, alhali baffan da ke ba da 'yar ɗan'uwansa shi ma yana da tsoron da ke tura shi, tsoron bakin dangi da na abokan kasuwanci. Akwai kuma wuraren da labari ke tsayawa domin a yi wa baƙo bayanin al'ada, abin da mutumin Marwa ba ya bukata. Sauya sunan ma abin lura ne. Munyal yana nuna kalmar da ake danne matan da ita, Les Impatientes kuwa, wato marasa haƙuri, matan yake nunawa a matsayin masu tawaye. Sunan farko ya fi gaskiya ga abin da ke cikin littafin, na biyu ya fi shiga kasuwar Faransa. (Duk mai niyyar fassara shi zuwa Hausa zai sha wuya a nan, domin "marar haƙuri" a kunnen Bahaushe zagi ne, ba kirari ba.)

4.0 Giɓin da ke Tsakani

Abin da ya bayyana shi ne, idan marubuci ya koma tarihi sai ya ɗauko sarauniya, idan kuma yana son yarinyar cikin gida sai ya tsaya a zamanin yau. Sakamakon haka matashi yakan ɗauka cewa turjiyar 'ya mace ta fara ne da zuwan makarantar boko, wanda hakan ke ba masu suka damar cewa baƙuwar ɗabi'a ce.

Madogaran tarihi sun ƙaryata wannan. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. Ta yi auren zumunci domin biyayya ga iyaye, ta zauna iya zaman da zai fitar da su kunya, sannan ta fita ta auri wanda ranta yake so. Babu takobi a labarin, amma akwai dabara da sanin inda doka ta bar ƙofa. Nana Asma'u (1793-1864) tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Guɗu a 1804, ta girma cikin yunwa da yaƙi, ta zama mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru inda jajoji ke kai ilimi ga matan karkara. Ita ma ba a kan addini ta yi tawaye ba, da shi ta kafa hujja.

Arewacin Kamaru yana da kayan aikin da ya fi waɗannan wuyar taɓawa. Lamidancin Rai Buba, wanda Collire ke cikin ƙasarsa, Buba Njidda ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, a zamanin da Modibbo Adama ya karɓo tutar jihadi. Arzikin irin waɗannan masarautu ya dogara ƙwarai a kan harin kama bayi cikin ƙabilun da ba su musulunta ba, irin su Laka, kuma fataken Hausawa suna cikin masu hada-hadar kasuwannin Garwa da Ngaundare. Marubucin da ya ajiye tauraruwarsa a Garwa a 1901, shekarar da Ingilishi suka kori Lamiɗo Zubairu daga Yola, Jamusawa kuma suka fatattaki rundunarsa a Garwa, dole ya fara yanke shawarar wace yarinya ce. 'Yar ɗiya, Bafulatana ko Bahaushiya, iyakarta kulle da auren da ba ta zaɓa ba. Wadda aka kamo aka sa ƙwarƙwara, ko sunanta na yanka ba a bar mata ba, kuma mai yiwuwa 'yar ɗiyar nan ce uwargijiyarta. Tafawa Ɓalewa ya iya fuskantar bauta a littafin 'yan makaranta tun 1934, ya nuna ayarin bayi yana hallaka a hamada ba tare da ya sassauta ba. Ɗalibin da ke shirin rubuta wa 'yan sakandare labarin wannan zamani zai bukaci ya san me ake kiran ɗakin kowace mace a cikin gidan, wa ke daka, wa ke zuwa rafi, wa ke da ikon kai ƙara gaban alƙali, da kuma wadda a cikinsu ƙafarta ta san hanyar fita gari.