Allon zayyana: hoton mai ilimi wanda babu fuska a cikinsa

A shekarar 1523 Hans Holbein ya zana Erasme, shahararren malamin Rotterdam. A hoton da ke gidan tarihi na Louvre, a Paris, an nuna shi ta gefe, idonsa bisa takarda, alƙalami a hannu. Masanan Turai na wancan zamani sun ɗora darajar ɗan Adam bisa karatun littattafan Girkawa da Rumawa, kuma abin da zanen ke faɗa ke nan: ga mutum guda, da sunansa da kamanninsa, wanda ilimi ya ɗaukaka.

Wanda ya nemi irin wannan hoto a makarantun allo na Gaya, ko na Kamba da Malanville da ke maƙwabtaka da ita, sai ya yi tsammanin babu. Akwai kuwa, shi ne allon zayyana. Idan almajiri ya sauke Alƙur'ani akan rubuta masa Fatiha da farkon Baƙara, a ƙawata allon da zane ja da kore da rawaya, ya karanta gaban malamai da dangi ranar walima. Zaɓen surorin nan biyu abin lura ne. Da Fatiha yaro yake farawa, sa'an nan ya bi gajerun surori yana hawa, Baƙara ce ta ƙarshe da yake kai wa. Allo ɗaya ya haɗa mafarin karatunsa da iyakarsa, aikin shekaru masu yawa. Holbein, duk da gwanintarsa, sa'a guda ce ta rayuwar Erasme ya kama. Sai dai allon ba ya nuna kamannin mai shi. Littafin yake girmamawa, da malaman da aka karɓo shi daga gare su.

Wannan ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci. Sau da yawa mutumin da ke da irin wannan allo a ɗakinsa, wanda kuma yake rubuta wasiƙa da ajami, cikin jahilai ake lissafa shi don bai san baƙaƙen boko ba. Kalmar “jahilci” kanta tana da nauyi ga kunnen Bahaushe, tun da ta haɗa asali da “jahiliyya”. Mai sauka da aka kira ajin da ke ɗauke da wannan suna yana da dalilin ƙin zuwa.