Ƙwan Fitila da Bugun Zuciya: Tarken Aikin Pulse Room na Rafael Lozano-Hemmer

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken aikin Pulse Room, wato Ɗakin Bugun Zuciya, wanda Rafael Lozano-Hemmer ya fara nunawa a shekarar 2006. An ɗora nazarin a kan muhawarar masana game da alaƙar gangar jiki da motsin rai, tare da duba yadda na'urorin aikin suke gudana. Matsayar maƙalar ita ce, na'urar ba ta karanta abin da ke ran mai kallo, kuma ƙarfin aikin ya ta'allaƙa ne a kan layin da fitilun suke bi da kuma irin ƙwan da aka zaɓa.

1.0 Gabatarwa

Fasahar kafofin zamani, wato ayyukan da ake ginawa da lantarki da kwamfuta da bidiyo da na'urorin awo, tana ɗora wa mai tarke wani nauyi da bai saba da shi ba. Mai feɗe waƙa yana iya fitar da jigo da salo da zubi ba tare da ya san yadda aka haɗa tawadar da aka rubuta ta ba. A nan kuwa, duk wanda bai fahimci abin da na'ura take aunawa ba, yana iya jingina wa aiki abin da bai yi ba, ya kuma tsallake abin da ya yi.

An haifi Lozano-Hemmer a birnin Meziko a 1967, ya kuma yi karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Concordia da ke Montiriyal ta ƙasar Kanada. Ya fara girka Pulse Room a wata tsohuwar masaƙa a garin Puebla. A 2007 aikin yana cikin waɗanda suka wakilci Meziko a babban baje-kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya, sannan daga 2018 zuwa 2019 aka nuna shi a gidan adana fasaha na Hirshhorn da ke Washinton.

2.0 Abin da Ke Cikin Ɗakin

Ɗaki ne mai duhu, an rataye ƙwayayen fitila daga 100 zuwa 300 gwargwadon girman wurin, kowane ƙwai mai ƙarfin wat 300, a tsayin kimanin mita uku. A gefe guda akwai na'ura mai mariƙi biyu. Idan mutum ya kama su, kwamfuta takan gano bugun zuciyarsa, sai ƙwan da ya fi kusa da shi ya shiga walƙiya daidai da wannan bugu. Da ya saki, sai ɗakin ya yi duhu na ɗan lokaci, bugun nasa ya hau ƙwan farko a layi, kowane bugu da ke can tun da fari ya matsa gaba da ƙwai ɗaya. Na ƙarshen layi kuwa ya ɓace, ba shi da inda zai matsa.

3.0 Shin Fitilar Tana Nuna Abin da Ke Rai?

Abin da ya fi saurin zuwa bakin mai kallo shi ne cewa aikin yana fito da sirrin zuci fili. Ba abin mamaki ba ne, domin harsuna da dama sun haɗa tsokar da ke tura jini da mazaunin so da fushi a kalma ɗaya. Bahaushe ma idan ya ce wane ya yi zuciya, ba batun jini yake yi ba. Amma na'urar tsokar kawai ta sani. Wani ƙullin ƙwayoyin halitta da ke saman ɓangaren dama na zuciya shi yake fitar da ɗan lantarkin da ke sa ta matse, sau 60 zuwa 100 a minti ga baligin da yake hutawa. Wannan ƙidaya da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu su ne suke isa ga fitila.

Ko za a iya gane halin rai daga irin wannan ƙidaya? Tambayar ta girmi kwamfuta. A 1884 William James ya wallafa maƙala a mujallar Mind inda ya juya fahimtar da aka saba da ita: a ra'insa jiki ne yake fara amsa abin da ya faru, sannan jin wannan sauyi na jiki shi ne tsoron ko baƙin cikin kansa. Da ra'in ya tsaya a haka, da Pulse Room ya zama taga zuwa cikin rai. Sai dai a 1927 Walter Cannon ya kawo suka mai nauyi, cewa sauye-sauyen kayan ciki iri ɗaya ne a yanayi mabambanta. Mai tsoro da mai fushi da mai zazzaɓi duk zuciyarsu takan yi sauri. Saboda haka ƙwan da ke walƙiya da gaggawa a kusurwar ɗaki, yana iya zama na wanda aikin ya girgiza, yana kuma iya zama na wanda ya hawo matattakala yanzun nan. Babu abin da zai raba su.

Duk da haka mutane sukan tsaya cik a gaban ƙwansu, jikinsu ya yi sanyi. Bayanin wannan ya fi kusa da gwajin da Stuart Valins ya yi a 1966. Ya nuna wa wasu maza hotunan mata, yana jiyar da su wani sauti da aka ce musu bugun zuciyarsu ne, alhali ɗauka ce da aka shirya tun da fari. Hotunan da sautin ya sauya a kansu, su mazan suka fi cewa sun burge su. Wato abin da mutum ya ɗauka jikinsa yana faɗa yana iya gina abin da zai ji. A Pulse Room bugun na gaskiya ne, amma hanyar ita ce dai: mai kallo ne yake ɗora wa walƙiyar ma'ana, sannan ma'anar ta dawo ta taɓa shi. Na'urar ta ba shi madubi ne, kuma rikita madubi da mai duba kuskure ne mai tsada, musamman a zamanin da ake tallata manhajojin da ke iƙirarin gane halin ran ma'aikaci ko ɗalibi daga fuska ko bugun jini.

4.0 Layi, da Ƙwan da Ke Hucewa

Inda aikin ya yi fice da gaske shi ne tsarin layi. Mai fasahar ya ambaci fim ɗin Macario na Roberto Gavaldón, na 1960, cikin abubuwan da suka zaburar da shi. A can Mutuwa ta nuna wa tauraron wani kogo cike da kyandir, kowane ɗaya ran mutum guda. Lozano-Hemmer ya ƙara wani abu da babu a kogon. A fim ɗin kowane kyandir yana ƙonewa ne shi kaɗai. A ɗakin kuwa, shigowar sabon mutum ce take kashe fitilar wani. Duk wanda ya kama mariƙi ya kori wani da bai taɓa gani ba, kuma idan fitilun 100 ne, ya san cewa mutum na 100 a bayansa zai yi masa haka. Ba a rubuta wannan a bango ba, ana gane shi ne da ido cikin 'yan mintuna, wanda ya sa ya fi wa'azi shiga jiki.

Akwai kuma batun lokaci. Abin da ƙwan yake maimaitawa ɗauka ce ta 'yan daƙiƙu. Mai shi ya fita, ya shiga mota, zuciyarsa ta sauya taki sau da yawa, amma fitilar tana nan a kan tsohon bugu. Ɗakin da ake yaba wa da nuna rayuwa, a haƙiƙa taskar abin da ya wuce ce.

Shi ƙwan kansa ba a cika kula da rawar da yake takawa ba. Tsohon ƙwan lantarki yana haske ne saboda wata siririyar waya da ke cikinsa ta yi zafi, kuma waya ba ta zafi ko hucewa nan take. Don haka hasken yana kumbura ne ya saɓe, kamar yadda tsoka take matsewa ta saki. Wannan laushi ya fito ne daga ɗabi'ar ƙarfe, kuma rabin kamannin aikin da abu mai rai daga nan yake. Tarayyar Turai ta fara janye irin waɗannan ƙwayaye daga kasuwa a 2009 saboda cin wuta, kuma hujjarta a bayyane take: fitila 100 masu wat 300 za su ja kilowat 30 idan aka kunna su gaba ɗaya. Ke nan aikin da ke magana a kan gushewa ya jingina da kayan da su ma suke gushewa.

Ayyukan da suka biyo baya ba duka suka riƙe wannan daidaito ba. Pulse Index na 2010 ya haɗa da ɗaukar hoton zanen yatsa, kuma abin lura ne yadda jama'a suke miƙa yatsa da murna a gidan fasaha, alhali a bakin iyakar ƙasa da fargaba suke miƙa shi. Aikin ya taso da wannan tambaya amma kyawunsa ya yi saurin lallashin mai kallo kafin ta yi masa ciwo. Pulse Topology na 2021 kuwa ya kai fitilun dubbai, da ƙwayayen zamani na LED, an jera su kamar tuddai da kwaruruka. Ya fi ɗaukar ido, ya fi kyau a hoton waya. Amma a cikin dubban fitilu mutum ba zai iya bin tasa da ido har ƙarshen layi ba, kuma wanda bai ga inda layin ya ƙare ba, bai ga wanda shigowarsa ta kora ba.